Ƙwayoyin da ke Amfani Bayan Sun Mutu: Ilmin Fosbayotik da Tukwanen Birnin Gwari

Sanin kowa ne cewa tun da likitancin zamani ya shigo ƙasar Hausa, abin da aka fi cusa wa jama'a game da ƙananan halittun nan da ido ba ya iya gani shi ne abokan gaba ne. Sunan da aka raɗa musu ma ya isa shaida, wato ƙwayoyin cuta, kamar dai ba su da wata sana'a a duniya sai kwantar da mutane. To amma binciken masana ya daɗe da nuna cewa masu haddasa cuta a cikinsu 'yan tsiraru ne. Wani ƙiyasi da aka fitar a shekarar 2016 ya nuna cewa baligin mutum yana ɗauke da bakteriya kimanin miliyan sau miliyan 38, mafi yawansu a cikin babban hanji, adadin da ya ɗan ɗara yawan ƙwayoyin halittar jikinsa shi kansa. Waɗannan baƙi ba zaman banza suke yi ba. Suna narkar da abin da hanji ya kasa narkarwa, suna samar da wasu bitamin, suna kuma koya wa garkuwar jiki bambanta aboki da maƙiyi.

Sabon zancen da ya shigo fagen kuwa ya fi wannan ban mamaki. Ana cewa wasu daga cikin waɗannan ƙwayoyi suna iya amfanar jiki ko bayan an kashe su. Wannan batu, wanda masana ke kira fosbayotik, ya cancanci a dube shi da idon basira, musamman a wuri irin Birnin Gwari, inda maganin da ke bukatar firiji sau da yawa ba ya isa hannun mai bukatarsa da ransa.

Sunaye uku masu kama da juna

Kafin a yi nisa, ya kamata mai karatu ya rarrabe kalmomi uku da 'yan kasuwa ke cuɗanyawa. Furobayotik su ne ƙwayoyi masu rai waɗanda idan aka sha su daidai gwargwado suke amfanar lafiya, kamar yadda kwamitin masana na Hukumar Abinci da Hukumar Lafiya ta Duniya ya bayyana a 2001. Firibayotik kuwa abincin waɗannan ƙwayoyi ne, irin harzar da ke cikin hatsi da wake da albasa, sunan da masana biyu, Gibson da Roberfroid, suka fito da shi a 1995. Fosbayotik shi ne autansu. A 2021 ne wata ƙungiyar masana ta duniya mai suna ISAPP ta buga ma'anarsa, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Seppo Salminen na ƙasar Finlan: haɗin matattun ƙwayoyi, ko sassan jikinsu, wanda aka tabbatar yana amfanar lafiyar wanda ya sha.

Akwai sharuɗɗa a cikin wannan ma'ana waɗanda za a sake komowa kansu. Tilas a san ainihin ƙwayar da aka yi amfani da ita tun tana da rai. Tilas a san yadda aka kashe ta, da zafi ne ko da wata dabara. Tilas kuma a gwada ta a kan mutane, gwaji irin wanda ake raba marasa lafiya gida biyu, a bai wa wasu maganin, a bai wa wasu abin da ya yi kama da shi amma babu komai a cikinsa, sannan a kwatanta.

Sunan ne sabo, abin kansa ya haura shekara ɗari. A 1907 masanin nan ɗan Rasha, Eli Mechnikof, da ke aiki a Cibiyar Pasteur ta birnin Faris, ya yaɗa ra'ayin cewa shan nono mai tsami ne ke sa manoman Bulgariya tsawon rai. Ra'ayin nasa ya zarce hujjar da ke hannunsa, amma ya buɗe ƙofa. A wannan shekarar ce kuma wani likita Bafaranshe, Pierre Boucard, ya ware wata bakteriya mai tsamar da madara, wadda daga baya aka riƙa kashe ta da zafi ana yin maganin gudawa mai suna Lactéol. Har yau ana sayar da shi a kantunan magani na ƙasashe da dama. Ke nan likitoci sun yi shekaru aru-aru suna rubuta fosbayotik ga marasa lafiya tun ba a raɗa masa suna ba.

To ta yaya gawa za ta yi aiki? Amsar tana cikin yadda hanji yake. Bangon hanji cike yake da ƙwayoyin garkuwar jiki, kuma waɗannan masu gadi ba numfashin baƙo suke saurare ba, tufafinsa suke dubawa. Fatar kowace bakteriya tana da wasu sinadarai da zafi ba ya lalatawa da wuri, waɗanda masu gadin ke ganewa. Idan suka taɓa su, sai su aika saƙo: a ƙara kaurin majinar da ke lulluɓe hanji, a ƙara matse tsakanin ƙwayoyin bango don kada guba ta ɓulla cikin jini, a kwantar da kumburi ko a zaburar da mayaƙa. Wasu matattun ƙwayoyin kuma suna manne wa bangon hanji su tare gurbin da mugayen za su sauka. Wanda ya san cewa rigakafin tarin shiƙa da ke cikin allurar Penta, wadda ake yi wa jarirai a asibitin sha-ka-tafi, matacciyar bakteriya ce, ba zai yi mamakin wannan ba, ko da yake masana ba sa lissafa alluran rigakafi cikin fosbayotik.

Abin da gwaji ya nuna

Gaskiyar magana ita ce hujjojin da ke ƙasa ba su da yawa, amma akwai masu nauyi a cikinsu. A 2020 aka buga sakamakon wani gwaji da aka yi a Jamus kan mutum 443 masu fama da ciwon nan na rikicewar hanji, mai sa murɗa da kumburin ciki da gudawa ko taurin bayan gida ba tare da an ga rauni a hanjin ba. An ba wa rabinsu matacciyar bakteriya nau'in Bifidobacterium bifidum har tsawon mako takwas. Kashi 34 cikin ɗari na waɗanda suka sha ta sun sami sauƙi, yayin da kashi 19 kaɗai suka samu a ɗaya ɓangaren. Wannan bambanci ne na gaske, sai dai mai karatu ya lura cewa mutum biyu cikin uku na waɗanda suka sha ba su kai ga sauƙin da ake nema ba.

Labarin Akkermansia muciniphila ya fi ɗaukar hankali. Bakteriya ce da ke zaune cikin majinar hanjin ɗan Adam, wadda aka fara warewa a Jami'ar Wageningen ta ƙasar Holan a 2004. Masu bincike a Beljiyam sun gano a jikin ɓeraye cewa idan aka ɗumama ta a digiri 70 na tsawon minti 30, amfaninta wajen rage ƙiba da daidaita sukarin jini ƙaruwa yake yi maimakon ya ragu. A 2019 suka gwada ta a kan mutane masu ƙiba na tsawon wata uku, sai aka ga jikin waɗanda suka sha matacciyar ya fi karɓar aikin insulin. Amma mutum 32 ne kacal suka kammala gwajin, kuma mutum 32 ba su isa a kafa hukunci a kansu ba. Hukumar kula da ingancin abinci ta Tarayyar Turai ta amince a 2021 cewa shan ta ba shi da haɗari. Ba ta ce tana warkar da ciwon sukari ba, ko da yake masu talla ba kasafai suke bambanta waɗannan maganganu biyu ba.

Game da gudawar yara, wadda ita ce ta fi shafar karkara, an haɗa sakamakon ƙananan gwaje-gwaje guda huɗu na Lactéol a 2014, yara kimanin 300 ke nan, aka ga yana rage tsawon gudawa da kusan kwana guda. Gwaje-gwajen ƙanana ne, kuma ba a ƙasar Hausa aka yi su ba.

A ɗaya gefen kuma, ƙwayoyi masu rai sun sha kaye a wannan fage. A 2018 aka buga manyan gwaje-gwaje biyu, ɗaya a Amurka kan yara 971, ɗaya a Kanada kan yara 886, kuma dukkansu sun nuna cewa furobayotik ɗin da aka gwada bai rage tsawon gudawa ba. Daɗin daɗawa, a 2023 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta gargaɗi asibitoci game da bai wa bakwaini furobayotik, bayan wani jariri ya rasu sakamakon ƙwayar da aka ba shi ta kutsa cikin jininsa. Wannan darasi ne mai muhimmanci ga duk inda tamowa ta yi katutu, domin hanjin yaron da yunwa ta ci bangonsa ya yi rauni, garkuwarsa kuma ta yi sanyi. Matacciyar ƙwaya ba ta hayayyafa a cikin jini, ba ta kuma miƙa wa wasu ƙwayoyin dabarar bijire wa magani kamar yadda mai rai ke iya yi.

Dalilin da ya sa zancen ya shafi Birnin Gwari

Ƙaramar Hukumar Birnin Gwari, wadda ƙidayar 2006 ta ba ta mutane sama da 250,000, ƙasa ce mai faɗi, garuruwanta irin su Kuyello da Dogon Dawa da Randagi da Kakangi sun yi nisa da juna, daji ya raba tsakaninsu. Dajin Kamuku, wanda aka keɓe tun 1936 aka kuma mai da shi gandun daji na ƙasa a 1999, ya haura murabba'in kilomita 1,000, ya kuma yi iyaka da dajin Kuyambana na Jihar Zamfara. Abin da ya faru a cikinsa ba ɓoyayye ba ne. Satar shanu ta kai matsayin da gwamnonin arewa maso yamma suka haɗa kuɗi a 2015 domin jami'an tsaro su shiga dajin, daga baya abin ya rikiɗe ya zama garkuwa da mutane da ƙone ƙauyuka, hanyar Kaduna zuwa Birnin Gwari ta zama abin tsoro shekara da shekaru. Kasuwar dabbobin garin ta yi kusan shekara goma a rufe kafin Gwamna Uba Sani ya sake buɗe ta a ƙarshen 2024.

A irin wannan wuri, duk maganin da rayuwarsa ta rataya a wuyan wutar lantarki yana cikin hatsari. Yawancin furobayotik suna mutuwa a hankali idan suka sha zafi da laima, kuma zafin bazara a wannan yanki yakan kusanci digiri 40. Kwalbar da aka rubuta a jikinta cewa tana ɗauke da ƙwayoyi biliyan goma masu rai, idan ta kwana a tashar jiragen ruwa ta Legas, ta biyo bayan tirela zuwa Kaduna, ta yi watanni a kan kantar kemis mai rufin kwano, Allah kaɗai ya san nawa suka rage. Mai saye ya biya kuɗin rayayyu, an ba shi gawa, gawar da ba a taɓa gwada amfaninta ba. Fosbayotik kuwa tun farko an gwada shi ne a mace. Garinsa zai iya zama a ƙullin leda kusa da garin gishiri da sukari a akwatin ma'aikacin lafiya na ƙauye, ba ruwansa da firiji. Wannan ita ce babbar hujjarsa, kuma hujja ce da ta fi ƙarfi a Dogon Dawa fiye da Faris.

Sai dai akwai hujja ta biyu wadda ta fi kusa da gida. Mutanen wannan yanki, Hausawa da Gwarawa da Kamukawa da Fulani, sun daɗe suna cin abin da ya yi kama da fosbayotik safe da yamma.

A ɗauki koko. Uwargida takan jiƙa gero ko dawa, a markaɗa da citta da kanumfari, a tace, a bar gasarar ta kwanta ta kwana. A cikin wannan kwana ne bakteriya masu tsamarwa, da wasu ƙwayoyin yis, ke cinye wani kaso na sitacin su fitar da sinadarin tsami. Da gari ya waye sai ta dama da tafasasshen ruwa, zafin ya hallaka mafi yawan ƙwayoyin. Abin da yaro ke kurɓa ke nan gawarwakinsu ne, da tsaminsu, da sauran abubuwan da suka bari. Amfanin wannan tsami ba zato ba ne. Binciken da Patience Mensah da abokan aikinta suka buga a 1990 ya nuna cewa a Ghana kunun yaye da aka tsamar ya fi wanda ba a tsamar ba ƙarancin ƙwayoyin da ke kawo gudawa, ko da an ajiye shi ya yini. Tsamin yana kuma karya wani sinadari da ke cikin dusar hatsi wanda ke hana jiki zuƙar ƙarfe da zinki. Uwar da ba ta da firiji, wadda itacen girki ke mata tsada, tsami shi ne firijinta.

Nono na da nasa tsarin. Matan Fulani sukan tafasa madara, su bar ta ta huce, su ɗiga mata ragowar na jiya, ta kwana a ƙwarya ta zama kindirmo. Idan aka kaɗa aka cire man shanu, abin da ya rage shi ne nonon da ake dama fura da shi. A nan ƙwayoyin suna da rai, saboda haka nono ya fi kusa da furobayotik. Kowace ruga kuma tana da nata irin, wanda ya bi hannun uwa zuwa 'ya da ƙwarya zuwa ƙwarya. Yogot ɗin kwali da ake jibgewa a shaguna ba tare da sanyi ba shi ne akasin haka, domin an ɗumama shi bayan ya yi tsami, ƙwayoyinsa sun mutu. Ƙa'idar abinci ta duniya ta 2003 ta tanadi cewa yogot na ainihi ya ƙunshi aƙalla ƙwayoyi miliyan 10 masu rai a kowane giram, wanda aka ɗumama kuma a bayyana haka a jikinsa.

Daddawa kuwa ta fi su duka ban sha'awa, kuma ita ce 'yar daji ta haƙiƙa, tunda daga ɗorawar da ke tsaye a gonaki da bakin daji ake samun kalwa. Ana dafa kalwar ta yi laushi, a surfa a cire ɓawo, a wanke, a sake dafawa, a rufe da ganye kwana biyu zuwa uku. Mai aikin a nan bakteriya ce nau'in Bacillus subtilis, kamar yadda binciken masanin Nijeriya S. A. Odunfa ya nuna tun farkon shekarun 1980. Tana farfasa furotin ɗin kalwar, daga nan ne warin nan da ɗanɗanon da miyar kuka ba ta cika sai da shi suke fitowa. Ita wannan bakteriya tana da wayo: idan wuya ta yi wuya takan dunƙule cikin wani sulke mai jure zafi, don haka tafasar miya ba ta gamawa da ita duka. Abin da ke shiga ciki ke nan gauraye ne na matattu da masu barci. Danginta ne Japanawa ke amfani da su wajen tsamar da waken suya, kuma su sun yi shekaru suna nazarin nasu.

Akwai ma wata hanyar da jiki ke yi wa kansa irin wannan hidima. Idan bakteriyar babban hanji suka ci harzar hatsi sukan fitar da wasu ƙananan sinadaran maiƙo, cikinsu har da butiret, wanda shi ne babban abincin ƙwayoyin bangon hanji. A 2010 masana daga Italiya suka kwatanta yaran ƙauyen Bulfon a Burkina Faso, masu cin gero da dawa da wake da ganye, da yaran birnin Fulorens, suka tarar na ƙauye sun fi yawan waɗannan sinadarai da kuma yawan nau'o'in bakteriya. Abincin yaran Bulfon bai bambanta sosai da na yaran Kuyello ba. Abin lura ne a daidai lokacin da taliyar leda da lemon kwalba ke ture tuwon dawa a gidajen masu hali.

Inda gizo ke saƙa

Duk da haka, kuskure ne babba a tashi daga nan a ce koko magani ne. A ma'anar 2021, koko ba fosbayotik ba ne, domin ba a san takamaiman ƙwayoyin da ke cikin kowace tukunya ba, na gidan nan dabam, na gidan can dabam, kuma ba a gwada shi yadda ya kamata ba. Inda aka gwada makamancinsa ma, sakamakon bai yi daɗi ba: a arewacin Ghana an bai wa yara masu gudawa ruwan tsamin kokon gero, rahoton da aka buga a 2006 ya nuna bai rage tsawon ciwon ba. Abin da ke hana cuta shiga tukunya ba lallai ne ya fitar da ita daga hanji ba.

Haka nan ba kowace matacciyar ƙwaya ce ta zama salama ba. Wasu bakteriya suna barin guba a cikin abinci wadda tafasa ba ta karyawa. Gubar aflatoksin da fumfuna ke zubawa a masara da gyaɗar da ba su bushe ba tana tsallake wuta, tana ma iya bi ta cikin saniya ta fito a madara. Madarar da ba a tafasa ba tana iya ɗauko tarin fuka na shanu da cutar bakkale mai sa ɓari a garke da zazzaɓi mai naci ga mutum, kuma tsami ba ya ba da tabbacin kashe su. Sannan nonon da aka yi shi da tsabta yakan lalace a minti ɗaya idan aka sirka shi da ruwan rafi ko ƙanƙarar da ba a san asalinta ba.

Haɗarin da ya fi kusa shi ne na kasuwa. Duk kalmar kimiyya da ta yi tashe, ba a jimawa sai an ji ta a bakin masu lasifika a tasha, an haɗa ta da maganin basir da dattin ciki da sanyi. Na birni kuma sai su shigo da ita cikin kwalabe masu sheƙi ta hanyar tallan waya. Ya kamata jama'a su sani cewa lambar NAFDAC da ke jikin irin waɗannan kayayyaki galibi shaida ce ta cewa an duba ba su da illa a fili, shi ya sa da yawansu ke ɗauke da rubutun cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin da aka yi ba. Gudawa tana kashe yara 'yan ƙasa da shekara biyar sama da 400,000 a duniya kowace shekara, kuma abin da ke kashe su ƙarewar ruwan jiki ne. Maganin da aka tabbatar shi ne ruwan gishiri da sukari tare da ƙwayar zinki na kwana 10 zuwa 14, kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka ba da shawara tun 2004, sai shayarwa, da ruwa mai tsabta, da rigakafin rota da Nijeriya ta shigar cikin jerin alluran yara a 2022. Uban da ya kashe kuɗin zinki a kan kwalbar fosbayotik ya yi asara biyu. Ko a gwaje-gwajen Lactéol, ƙari aka yi shi a kan ruwan gishiri da sukari, ba a madadinsa ba.

Aikin da ke jiran jami'a

Ɗaliban sashen nazarin ƙananan halittu a Zariya da Kano da Sakkwato da Kaduna sun rubuta kundaye masu yawa kan nono da kunun zaƙi da daddawa. Mafi yawansu kan tsaya ne a wuri guda: an sayo samfuri a kasuwa, an shuka a faranti, an ƙirga, an ambaci sunan dangi, an nuna cewa ruwan ƙwayar ya hana wata muguwar bakteriya girma a cikin faranti. Daga nan sai kundin ya hau kanta ya sha ƙura. Faranti ba hanji ba ne. Matakan da suka rage su ne masu wuya da tsada: a karanta ƙwayar gadon bakteriyar a san ta ciki da waje, a adana ta da lamba, a kashe ta ta hanyar da za a iya maimaitawa, a auna ta a jikin dabba, sannan a kai ta ga mutane da izinin kwamitin ɗa'a. Babu sashe guda da zai iya wannan shi kaɗai. Amma Jami'ar Ahmadu Bello tana da Cibiyar Binciken Dabbobi ta Ƙasa da Asibitin Koyarwa dukkansu a Shika, da Cibiyar Binciken Aikin Gona a Samaru, wato masana madara da masana hatsi da likitocin yara suna zaune kusa da juna. Abin da ya rage shi ne su zauna a teburi ɗaya kan tambaya ɗaya.

Tambayar ma ba sai an je nesa ba. Shin garin kamu da aka tsamar da sananniyar ƙwaya guda, aka busar, aka ƙulla a leda, zai rage yawan gudawa ga yaran da ake yayewa idan aka kwatanta da garin da ba a tsamar ba? A Italiya an yi irin wannan da madarar da aka tsamar da wata bakteriya sannan aka kashe ta, rahotannin 2017 suka nuna raguwar mura da gudawa a tsakanin yaran gidajen reno. Idan gero ya yi abin da madara ta yi, an sami abin da ƙungiyar mata a Birnin Gwari za ta iya sarrafawa da hatsin gonarta. Idan bai yi ba, an san gaskiya, kuma an toshe bakin mai lasifika.

Lokaci kuma ba ya jira. Kowace rugar da ta watse saboda satar shanu ta tafi da irin nononta, kuma matar da ta koma gari ta fara dama fura da madarar gari da yogot na kanti ba za ta dawo da shi ba. Ɗorawa da ƙirya suna faɗawa hannun masu gawayi, dunƙulen kanti yana korar daddawa daga tukunya, waken suya yana maye gurbin kalwa. Tun 2010 aka ƙulla yarjejeniyar Nagoya, wadda ta tanadi cewa al'ummar da aka ɗauki albarkatun halittarta da iliminta na gado tana da haƙƙi a cikin ribar da aka samu. Saboda haka duk mai binciken da zai bi hanyar Buruku ya isa kasuwar Birnin Gwari da kwalaben ɗaukar samfuri, ya dace ya nemi yardar masu ƙwaryar da ta masarauta, ya rubuta unguwa da rana da yadda aka sarrafa abin, ya kuma ajiye kwafin kowace ƙwaya a ma'ajiyar sanyi a cikin Nijeriya kafin ya aika da ko ɗigo guda zuwa ƙetare domin karanta gadonta.